Ruwan Ɗumi Na Wikki: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A duk lokacin da shekara ta doshi ƙarewa, ko kuwa aka ba da hutun salla mai ɗan tsawo, akan ji ma'aikata da 'yan kasuwar unguwar Magajiya a nan Suleja, musamman waɗanda ke sammako kullum zuwa Abuja neman abin sakawa a bakin salati, suna shawarar inda za su kai iyali su sha iska. Dutsen Zuma dai a bayan gida yake, an gan shi har ido ya gaji. Matsirgar ruwa ta Gurara kuwa an je an dawo. Sunan da kan biyo baya a irin wannan hira shi ne Wikki, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan da ke tsakiyar gandun dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Tambayar da kan kashe hirar kuwa ba ta canzawa: nawa za a kashe, me kuma za a samu?

Wannan tambaya ce ta tattalin arziki, kuma ta cancanci a amsa ta da alƙaluma, ba da irin yabon da ake cika takardun tallar yawon buɗe ido da shi ba. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ruwan Wikki ya cancanci a yi masa tattaki, amma tsarin da muke sayar da shi ya sa mafi yawan kuɗin baƙo na zubewa a kan hanya, kaɗan ne ke isa ga wurin da mutanen da ke kewaye da shi. Muddin ba a gyara wannan ba, ziyarar za ta ci gaba da zama asara ga magidanci mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba za ta zama riba ga jihar da ke da ruwan ba.

Bari mu fara da hajar kanta. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani dutse na yashi, ya kwanta ya zama tafki mai tsawon kamar mita 200 da faɗin kamar mita 13, zurfinsa bai kai mita biyu ba. Garai-garai yake, mutum na tsaye a ciki yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. An ƙiyasta cewa yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana, waɗanda ke gangarawa cikin kogin Gaji, kuma ɗuminsa na nan a kan digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, rani da damina. Dalilin ɗumin ba wani abin al'ajabi ba ne ga masana ƙasa: ruwan sama ne ke tsuma ya nitse can ƙasa ta cikin duwatsun yashi, inda zafi ke ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda ta zurfi, sa'an nan ya samu tsaga ya dawo sama kafin ya huce. Ba a hura masa wuta, ba a sayen man janareta domin ɗumama shi, ba a kuma biyan kowa ladan canza shi, domin da kansa yake sabunta kansa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe otal mai wurin ninkaya ya san abin da wannan ke nufi a littafin kashe kuɗi.

Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da wannan adadi na 31. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, saboda haka ruwan Wikki bai kai jikin mai shigarsa zafi ba. Wanda ya je da tsammanin irin ruwan da ake sirka wa mai jego zai dawo yana ƙorafi. Darajar ruwan tana bin lokaci ne. Da asubahin hunturu, a watan Disamba ko Janairu, sa'ad da iskar daji ke ratsa ƙashi, shiga cikinsa tamkar shiga bargo ne. A tsakiyar bazara kuwa, sa'ad da zafin rana ke doshin digiri 40, ruwan nan ɗai shi ne zai zama mai sanyaya jiki. A ƙarshen rani ne kuma namun daji suka fi taruwa a bakin kogin Gaji, ciyawa ta bushe, ganinsu ya yi sauƙi. Wanda ya zaɓi lokaci da kyau ya riga ya ci rabin ribar tafiyarsa tun bai bar gida ba.

Game da maganar magani kuwa, a nan ma gara a faɗi gaskiya. Al'ummomi da yawa sun daɗe suna danganta ruwan zafi da waraka. Mutanen Jamhuriyar Nijar sun san Tafadek, can arewa da Agadas cikin duwatsun Azbin, inda masu ciwon gaɓoɓi ke yin tattaki su kwana da kwanaki suna wanka. Likitoci sun yarda cewa zama cikin ruwa mai ɗumi na sassauta jijiyoyi, yana rage wa gaɓoɓi nauyi, yana kuma taimaka wa barci. Wannan amfani ne na haƙiƙa, amma bai zama dalilin da mai hawan jini ko ciwon sukari zai ajiye maganinsa ba. Duk mai talla da ya yi alkawarin fiye da haka, to yana sayar da abin da ba shi da shi.

Yanzu sai lissafi. Daga Suleja zuwa sansanin Wikki, ta Abuja, Keffi, Akwanga, Jos, Bauchi da Dindima, tafiya ce ta fiye da kilomita 500. Daga garin Bauchi kawai akwai sauran kamar kilomita 110, kuma ko bayan an shiga babbar ƙofa a Mainamaji sai an ƙara kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a ga ruwan. Zuwa da dawowa ke nan ya haura kilomita 1,000. Idan muka ɗauka motar magidanci tana shan lita guda a kowace kilomita goma, yana bukatar fiye da lita 100 ta man fetur. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, farashin gwamnati bai kai Naira 200 ba, wato man tafiyar kamar Naira 20,000 ne. A ƙarshen shekarar 2024 kuwa lita ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da dama, man tafiyar ya zarce Naira 100,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar Naira 70,000 ne. Ba a yi maganar abinci a hanya ba, ba a yi ta faci ko juyen baƙin mai ba, ba a kuma sa kuɗin kwana biyun da tafiya kaɗai za ta cinye ba.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne, kuɗin shiga ƙofa da na wanka, ko nawa ne, ƙaramin kaso ne na abin da baƙo daga Suleja ko Abuja zai kashe. Kaso mafi tsoka gidajen mai da masu abinci na Akwanga da Jos ne za su ci shi. Kuma tun da kuɗin hanya ba ya raguwa ko an kwana ɗaya ko an kwana huɗu, hanya guda da baƙo zai fanshe shi ita ce ya daɗe. Wanda ya iso da magariba a gajiye, ya yi wanka sau ɗaya da safe ya kama hanya, ya sayi awa guda a cikin ruwa da albashin wata. Wanda ya kwana uku, ya shiga ruwan safe da yamma, ya zaga daji sau biyu, shi ne za a ce kwalliyarsa ta biya kuɗin sabulu. Bukatar baƙo da bukatar mai wurin sun haɗu a nan, domin a kwana na biyu da na uku ne kuɗi ke shiga aljihun mai ɗaki, mai dafa abinci, direban zagaya daji da mai sayar da zuma a bakin ƙofa.

To, akwai abin da zai riƙe mutum kwana uku? Ta fuskar abin da Allah ya ajiye, akwai har da ƙari. Gandun ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Nijeriya yake, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, ga ɓauna, gwanki, kanki, dorina da tsuntsaye iri-iri, ga kuma bika da suka shahara wajen fizge abinci daga hannun wanda ya yi sakaci. Akwai kogunan dutse 59 da aka fi sani da sunan Marshall, akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 da mutanen da suka haƙa, akwai tsoffin wuraren narkar da tama. Wikki ma ba ita kaɗai ce maɓuɓɓugar ɗumi a gandun ba. Haja dai ta cika rumfa. Abin da ke yanke hukunci a irin wannan kasuwa shi ne ƙananan abubuwa na yau da kullum: famfo ya kawo ruwa, fitila ta kama, zanen gado ya zama wankakke, a san farashi tun kafin a taso, a kuma samu wanda zai ɗaga waya ya tabbatar da ɗaki.

Waɗannan ƙananan abubuwa su ne gwamnati, kowace iri ce, ta fi rauni a kansu, kuma tarihin Yankari tarihin sauya hannun gwamnatoci ne. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. Daga nan ya koma hannun Jihar Arewa Maso Gabas, sai Jihar Bauchi da aka ƙirƙiro a 1976. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Bauchi da abinta. Kowane sabon mai riƙo yakan zo da ɗokin gini, domin gini ne ake yanke masa ƙyalle a gayyaci 'yan jarida. Gyaran famfo ba shi da bikin buɗewa, saboda haka shi ne ke fara faɗuwa idan kasafin kuɗi ya matse. Mu mutanen Suleja ba sai an kai mu nesa ba kafin mu fahimci wannan: katafaren otal ɗin da aka fara ginawa a gindin Zuma ya yi shekaru aru-aru a yashe, a gefen ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a ƙasar nan.

Ikogosi da ke Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa a wuri guda, ta bi irin wannan hanya. Wani ɗan mishan na Baptis, John McGee, shi ya fara gyara wurin. Gwamnati ta karɓe a shekarun 1970. Wurin ya lalace. Aka sabunta shi a zangon farko na Gwamna Kayode Fayemi. Ya sake ja da baya. A 2022 kuma gwamnatin jihar ta danƙa gudanar da shi ga kamfanin Glocient Hospitality. Daga ruwan Ikogosi ne kuma aka riƙa ɗura ruwan kwalba mai suna Gossy. Masu ra'ayin a miƙa irin waɗannan wurare ga 'yan kasuwa sukan kafa hujja da Ikogosi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: wanda ya zuba jarinsa shi zai fi jin zafin famfon da ya lalace.

Amma masu adawa da wannan ra'ayi su ma ba shirme suke yi ba. Ɗan kasuwa riba yake nema, kuma riba ta fi sauƙin samu daga baƙo guda mai dalar Amurka fiye da ɗalibai arba'in da suka zo a motar makaranta. Idan aka ba shi ruwan dungurungum, watan wata rana ɗan Alkaleri zai tsaya a bayan shinge yana kallon ruwan da kakanninsa suka sha. A ganinmu mafita ita ce a raba ruwa da gado. Ɗakuna, wurin cin abinci da motocin zagaya daji a ba wanda ya iya, bisa yarjejeniya mai wa'adi da sharuɗɗa a rubuce, ya sa farashin da kasuwa za ta ɗauka. Ruwan kuwa ya zauna a hannun jama'a, da kuɗin wanka mai sauƙi, da rangwame ga makarantu da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun. Haka nan a keɓe wani kaso na kowane tikiti, wanda doka za ta hana a taɓa shi domin wani aiki dabam. A ƙasar Japan, inda wankan ruwan zafi babbar sana'a ce, ƙananan hukumomi na karɓar harajin wanka wanda ma'auninsa Yen 150 ne a kan kowane baƙo a rana, kuma an ƙayyade a kashe shi a kan tsafta, kare maɓuɓɓugai, kashe gobara da bunƙasa yawon buɗe ido. Kuɗin kaɗan ne, amma ba ya ɓata a cikin babbar tukunyar baitulmali.

Akwai wani ɓangare na kasuwar da muke mamakin yadda ba a cika zancensa ba, wato mata. Wikki tafki ne guda a fili. Magidanci daga Magajiya, ko Zariya, ko Katsina, da ya ɗebo uwargida da 'yan matansa, zai iske cewa rabin waɗanda ya biya wa kuɗin mota za su ƙare ne a zaune a bakin ruwa suna tsoma ƙafa, domin kunya da sutura ba za su bari su shiga tare da maza baƙi ba. Idan aka koma gida, uwargida ce za ta yanke hukunci ko za a sake zuwa baɗi, kuma an san abin da za ta ce. Wannan ba matsala ce da ke bukatar biliyoyin Naira ba. A Aljeriya, Tunisiya da Turkiyya, gidajen wanka sun daɗe da ware wa mata ɓangare ko lokaci. Japan ma, wadda ba ƙasar Musulmi ba ce, haka take yi a mafi yawan wurare. Awa biyu da hantsi da aka keɓe wa mata zalla, da ma'aikata mata masu tsaro da koyar da iyo, da ɗakin canza tufafi mai rufin asiri, za su iya jawo iyalai fiye da abin da sabon zauren taro zai jawo. Babbar kasuwar Wikki ita ce iyalan Arewa, ba Turawan da suka rage zuwa tun da aka shiga matsalar tsaro ba, kuma mai hikima yana ɗinka riga ne daidai wuyan mai saye.

Su Turawan kuwa, abin da suke kira spa, daga sunan wani gari a Beljiyam ya samo asali, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya garuruwa 11 na ƙasashe bakwai, ciki har da Bath ta Ingila, Vichy ta Faransa da Baden-Baden ta Jamus, cikin jerin wuraren tarihi na duniya saboda wankan ruwan ma'adinai. Garuruwa ne da suka ginu a kan cewa baƙo zai zo ya yi makonni. Amma ba kome nasu ne abin koyi ba. A Pamukkale ta Turkiyya an bar otal-otal sun hau kan maɓuɓɓugar suna janye ruwan zuwa tafkunansu, har fararen duwatsun da ake zuwa gani suka fara dusashewa. Bayan wurin ya shiga jerin UNESCO a 1988 sai da aka rushe otal-otal ɗin. Wannan gargaɗi ne ga duk mai mafarkin zuba wa Wikki kankare da tayil domin ta yi kama da ta ƙasar waje. Itatuwan da ke yi mata inuwa da yashin da ke ƙasanta su ne jarin.

Haka kuma ya kamata a yi hattara da kwaɗayin ɗura ruwan. Lita miliyan 21 daidai take da ledar fiya wata miliyan 42 a rana, kuma ba wuya wani ya buga wannan lissafi ya ga Naira na yawo. Sai dai ruwan nan ba zuba yake yi a banza ba. Yana cikin abin da ke raya kogin Gaji da rani, kogin Gaji kuma shi ke riƙe da giwa da ɓauna. In an rage shi, an rage dalilin kwana na biyu da na uku. Bugu da ƙari, a watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma ɓangaren Bauchi na aikin a ƙaramar hukumar Alkaleri yake. Ba muna cewa mai zai gurɓata Wikki ba ne. Muna cewa ne wajibi ne a auna ingancin ruwan da yawansa a kai a kai, a buga sakamakon kowa ya gani, domin in wani abu ya sauya a gane da wuri.

Kason tikitin da muka ambata, wuri na farko da ya kamata ya je shi ne hannun ma'aikatan tsaron gandun. Su ne ke kwana a daji suna fuskantar mafarauta da masu kutse da shanu, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Tun 2014 ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta Amurka ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi domin tallafa wa wannan sintiri, abin a yaba ne, amma bai dace dukiyar da muke alfahari da ita ta dogara ga alherin baƙi ba. Wuri na biyu kuwa manoman da giwaye ke cinye wa amfanin gona. Manomin da ya ga giwa ta tattake masa dawa, bai kuma taɓa ganin sisin kwabo daga ƙofar Mainamaji ba, ba shi da dalilin tona asirin mafarauci.

Mu dawo ga magidancin Magajiya da tambayarsa. Idan nufinsa ya ɗauki motarsa shi da iyalinsa su kwana ɗaya su juyo, shawararmu ita ce ya adana kuɗinsa, ya kai yara Gurara da damina lokacin da ruwa ya cika, ya biya da su wurin tukwanen Ladi Kwali su ga aikin matar da hotonta ke jikin Naira 20. Idan kuwa za a haɗu gida uku ko huɗu a yi shatar bas mai kujeru 18 daga tasha, a raba kuɗin mai, a tafi tsakanin Disamba da Maris, a kama ɗakuna tun daga gida, a tambayi halin tsaron hanya, a yi tafiyar da rana, a kuma kwana uku, to tafiyar ta cancanci kuɗinta. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikata da shugabannin direbobi na Suleja suna da wata 'yar sana'a a nan da ba su waiwaya ba tukuna: kasuwar Abuja tana ƙofar gidansu, motocin kuma nasu ne. Jihar Nasarawa ma, wadda ke da ruwan ɗumi a Akiri cikin ƙaramar hukumar Awe, ta fi Bauchi kusa da wannan kasuwa, haka kuma Adamawa na da nata Ruwan Zafi a Lamurde, kuma duk wadda ta fara samar da hanya mai kyau, ɗaki mai tsafta da lokacin wanka na mata, ita za ta kwashi baƙin hunturu mai zuwa.